Matar Cikin Talla da Matar Kazage

Kalmar talla ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan rediyo, mace tana cikin kulle take soya ƙosai ko ƙuli-ƙuli, yarinya ta ɗauka ta zaga unguwa. Jarin nata ne, ribar tata ce, kuma shari'a ba ta bai wa miji ko anini a ciki ba. Da tallan zamani ya iso, sai ya karɓe jarin daga hannunta ya miƙa mata ludayi. Mai karatu ya kasa kunne: tallan sinadarin miya da garin sabulu galibi da muryar mace ake yi, burinta maigida ya yaba. Taki da babur da banki kuwa an bar wa maza.

Wannan hoto bai yi kama da Kazage ba, ko sauran mazaɓun Birnin Gwari. Shekarun da 'yan bindiga suka kwashe suna tare hanya da gonaki sun bar gidaje da yawa a hannun matan da aka kashe wa mazaje. Su ke sayen taki, su ke biyan kuɗin makaranta, wata ma kayan ɗakinta ta sayar aka haɗa kuɗin fansa. An yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a Nuwamban 2024, amma wanda ya mutu bai dawo ba. Kamfanin da ke tallata irin masara ga maza kaɗai, abokan cinikinsa yake tsallakewa.

Namijin ma bai tsira ba. Magidancin da aka raba da gonarsa, kullum ana nuna masa cewa cikakken namiji shi ne mai shigowa gida da ledar cefane. Wa ya auna ciwon da wannan ke sa masa?

A Birtaniya, tun Yunin 2019 aka haramta tallan da ke cusa irin wannan kallo mai cutarwa, har aka dakatar da tallan cukun Philadelphia saboda ya nuna ubanni sun shagala da abinci sun manta da jariri. Ba na cewa mu kwafo dokarsu, tarbiyyarmu daban. Amma hukumar ARCON, wadda ta hana amfani da fuskoki da muryoyin baƙi a tallan Nijeriya daga Oktoban 2022, ta nuna tana da haƙora. Ta tantance ɗan wace ƙasa ne mai maganar. Saura ta saurari abin da ake sa shi ya faɗa.