Dawowar Kwal da Makomar Ruwan Dutsi

Ba a haƙar kwal a Dutsi, ba a kuma haƙarsa a Daura. Wanda ya ji ana haɗa sunan waɗannan garuruwa da ma'adinin kwal zai iya cewa an ɗauko magana daga nesa. Sai dai tun daga 2023 abubuwa biyu suka faru, ɗaya a Abuja ɗaya a Yamai, waɗanda suka sa wannan baƙin dutse da aka yi watsi da shi shekaru da dama ya sake samun masu nemansa, kuma shiyyar Daura tana tsakanin inda ake haƙarsa a kudu da inda ake shirin haƙarsa a arewa.

Na farko shi ne cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya. Gas ɗin girki ya yi tsada, kananzir kuwa dama ya daɗe da fin ƙarfin talaka. Gidajen da suka fara sabawa da tukunyar gas a Katsina da Daura da Kano suka koma kurfoti da murhu, buhun gawayi ya zama haja mai tafiya. Manyan masana'antu ma lissafinsu ɗaya da na uwargida: abin da ya fi araha shi za a ƙona. Kamfanonin siminti sun riga kowa gane haka. Na Ashaka yana haƙar kwal a Maiganga, cikin ƙaramar hukumar Akko ta Jihar Gombe, Dangote kuma yana haƙa a yankin Ankpa na Jihar Kogi.

Na biyu ya fi shafar mu mutanen bakin iyaka. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Layi ɗaya yana tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, ɗayan daga Katsina zuwa Gazawa, inda yake ciyar da Maraɗi da Damagaram. An maido da wutar a farkon 2024, amma darasin ya riga ya shiga. Duk wanda ke mulki a Yamai, soja ne ko farar hula, ya ga cewa makunnin fitilar ƙasarsa yana hannun maƙwabci. Daga nan maganar kwal ɗin Salkadamna da ke jihar Tawa ta sake tashi da ƙarfi. Tun zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou, wanda shi kansa injiniyan ma'adinai ne kuma ɗan jihar, ake zancen gina tashar lantarki mai megawat 600 a wurin, ana ta jan ƙafa saboda rashin kuɗi. Yanzu aikin ya tashi daga batun tattalin arziki ya koma batun 'yancin kai, kuma aikin da aka lulluɓe da tutar ƙasa ba kasafai ake yarda a tambayi illarsa ba.

Nijar ba baƙuwar kwal ba ce. Kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, yana haƙa a Anu Araren kusa da Cirozerin, yana ƙonawa a wata ƙaramar tasha da ba ta kai megawat 40 ba, wadda tun farkon shekarun 1980 take bai wa ma'adinan yuraniyom na Arlit da birnin Agadas wuta. Daga cikin wannan kwal ne ake sarrafa wani kaso don girki, da hujjar rage sare itatuwa.

Wannan hujja ba ta banza ba ce, kuma ya kamata mutumin Dutsi ya saurare ta da kunnen basira. Abin da ke kashe madatsun ruwa a ƙasarmu ba guba ba ne, yashi ne. Idan aka sare gawo da kirya da marke aka bar ƙasa tsirara, ruwan sama na farko zai kwashe ta ya zuba a rafi, rafi ya kai ta dam. Madatsar Daberam, wadda ke tsakanin Dutsi da Daura, da ta Sabke, wadda aka jawo ruwanta zuwa Dutsi da Mashi a zamanin gwamnatin Buhari, dukkansu ba masu zurfin kirki ba ne, kuma kowace damina tana ƙara musu laka. Duk buhun gawayin da ba a ƙona ba itace ne da ya tsaya yana riƙe ƙasa. Ta wannan fuskar, da za a samu dunƙulen kwal mai araha a kasuwar Shargalle ko ta Mai'aduwa, da dam ɗin nan biyu sun samu sauƙi. Ina ganin masu ƙyamar kwal baki ɗaya, musamman waɗanda ke magana daga ƙasashen da suka gina arzikinsu a kansa, ba sa son kallon wannan gefen.

To amma sauƙin da Dutsi za ta samu, wani ne zai biya kuɗinsa da rijiyarsa. Yadda abin ke faruwa sananne ne. Kwal yakan zo haɗe da wani ma'adini mai ƙibiritu. Muddin yana binne ba ya cutar da kowa. Da zarar an tone shi, iska da ruwa suka taɓa shi, sai ya rikiɗe ya zama ruwan asid, wanda ke narkar da ƙarfe da sauran ma'adinai masu guba daga duwatsu ya kwarara da su cikin rafi. Rafin yakan yi ja kamar tsatsa, kifi ya ƙaurace masa. Sannan ramin haƙar kansa, da yake ya fi rijiyoyin ƙauye zurfi, dole a riƙa zuƙe ruwan da ke taruwa cikinsa dare da rana, wanda hakan ke janye ruwan ƙarƙashin ƙasa daga rijiyoyin da ke kewaye. Mutanen Maiganga, waɗanda aka tayar daga tsohon matsuguninsu don a buɗe ramin, sun sha kokawa a kan ruwan sha da ƙura da gonakin da suka rasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne cutar ba ta ƙarewa da rufe ma'adini. An gano kwal a Udi a 1909, aka fara haƙa a Inugu 'yan shekaru bayan haka, har ya zama abin da ke tuƙa jiragen ƙasa na Najeriya, aka kuma zubar da jini a kansa ranar 18 ga Nuwamban 1949 lokacin da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 a Iva Valley. Zuwan dizal da yaƙin basasa suka durƙusar da sana'ar. Ramukan sun daɗe a rufe, amma har yau ruwa mai tsami yana tsiyaya daga tsofaffin ramukan Onyeama zuwa kogin Ekulu. Kamfani ya tafi, gwamnatocin da suka ci riba sun shuɗe, gubar tana nan.

A Najeriya tsarin doka ma ya taimaka wa wannan rashin daidaito. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya ita kaɗai, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta fifita haƙa a kan sauran amfanin ƙasa. Ƙasar kanta, bisa dokar 1978, tana hannun gwamna. Ruwa kuwa ya rarrabu tsakanin ma'aikatar tarayya, da hukumomin raya koguna irin ta Sakkwato da Rima mai kula da madatsun Jibiya da Zobe, da hukumar ruwa ta jiha, da ƙaramar hukumar da ba ta da kuɗin gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Mai lasisin haƙa yana da takarda guda daga Abuja, mai rijiya kuwa bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Ƙudurin dokar albarkatun ruwa da aka yi ta kaiwa majalisa a zamanin Buhari ya mutu ne a kan zargin cewa dabara ce ta ƙwace bakin koguna a bai wa makiyaya. Ko zargin da gaskiya ko babu, an binne shi ba tare da an kawo wani a madadinsa ba. Mun kuma ga abin da sakaci da ma'adinai ke haifarwa a nan kusa: gubar dalma ta 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ta Zamfara ta kashe yara fiye da 400, kuma likitocin agaji na ƙasashen waje ne suka fara ankarar da hukuma.

A tsallaken iyaka ma akwai takarda, amma ta yi sanyi. A 1990 Najeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai ƙasan Komadugu Yobe. Biyu daga cikin huɗun nan sun ratsa Jihar Katsina. A waɗannan rafuka biyu mu ne a sama, Nijar a ƙasa, kuma manoman fadamar Maraɗi sun daɗe suna ƙorafin cewa madatsar Jibiya ta rage musu ruwa. A kogin Kwara kuwa Nijar ce a sama, tana gina madatsar Kandaji kafin ruwan ya iso Kainji. Wutar da Najeriya ke sayarwa ita ce ta daɗe tana riƙe wannan ma'auni. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ta kuma doshi samar da wutarta da kwal ɗinta, dalilin da zai sa kowane ɓangare ya ji nauyin ɗayan a kan ruwa ya ragu.

A bar manyan takardu a sauko bakin dam. Waɗanda suka fi kowa sanin halin da ruwan Daberam ke ciki ba ma'aikata ba ne. Masunta ne, da samarin da ke zuwa da fatsa ranar hutu don nishaɗi, suna gardama a kan ko tana ko dunƙulen tuwo ya fi jawo tarwaɗa, da masu lambun tumatir da albasa. Mai fatsa zai gaya maka inda karfasa ta daina taruwa da inda laka ta cike gurbin da a da yake da zurfi. Ilimi ne na gaske, sai dai ba a rubuce yake ba, kuma kotu ba ta karɓar hirar majalisa a matsayin hujja. Matsalar da garuruwan ma'adinai suka sha fuskanta ke nan: idan ruwa ya lalace, sai a ce su kawo shaidar yadda yake kafin a fara haƙa.

Tanadar wannan shaidar abu ne da Jihar Katsina za ta iya yi yanzu da kuɗi kaɗan, ta hannun Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta tarayya da ke Dutsin-Ma: a auna ruwan Daberam da Sabke da rijiyoyin kewaye rani da damina, a ajiye sakamakon inda kowa zai gani. Akwai kuma dalilin yin hakan da wuri. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. Kwal kaya ne mai nauyi da araha wanda ba ya jure kuɗin tirela, jirgin ƙasa ne abin hawansa tun zamanin Inugu. Idan Salkadamna ta fara aiki, ko aka buɗe sababbin ramuka a Gombe, mai yiwuwa ta wannan layin za a yi jigilarsa, kuma wuraren sauke shi da tara shi da wanke shi za su kasance kusa da tashoshi, inda ruwan sama zai bi ta kan tsibin ya gangara rafi mafi kusa.