Kafin A Sayi Jirgin Sama Na Hannu

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos zuwa Yola da mota ya san wuni guda take ci, ga ramuka, ga fargaba. Ƙaramin jirgi mai farfela biyu yana yin wannan tafiya cikin kusan awa ɗaya. Shi ya sa wasu 'yan kasuwarmu masu harka a jihohi da yawa sukan fara tunanin mallakar nasu. Tun da sabo ya fi ƙarfin yawancinsu, sai ido ya koma kan na hannu.

Wanda aka fi nema shi ne King Air na kamfanin Beechcraft da ke Wichita a Amurka. An fara sayar da shi a 1964, kuma an ƙera fiye da 7,000. Samfurin B200, wanda ya fito a 1981, yakan ɗauki fasinja bakwai zuwa tara, yana gudun sama da kilomita 500 a awa.

To, jama'a, mu da muka saba da motocin Kwatano mukan dubi fenti da kujeru, mu buga taya da ƙafa, sai ciniki. Jirgi ba haka yake ba. Abin da ake saye a cikinsa shi ne awoyin da suka rage wa injinansa. Injin PT6A-42 da ke kan B200, aikin kamfanin Pratt & Whitney na Kanada, an ƙayyade masa awa 3,600 kafin a kwance shi gaba ɗaya a yi masa garambawul. A awa 1,800 kuma sai an buɗe sashen da wuta ke ci an duba. Injinan nan biyu ne, kuma garambawul ɗin kowanne dubban ɗaruruwan daloli ne. Saboda haka jirage biyu 'yan shekara ɗaya, masu kama ɗaya, ɗaya zai iya zama araha, ɗayan kuma bashi ne da aka yi wa fenti. Farfela da ƙafafun sauka su ma suna da nasu wa'adi, wani da awoyi, wani da shekaru, ko jirgin ya tashi ko yana ajiye.

Sai littattafan gyara. Kowane aiki da aka yi wa jirgi tun ranar da ya bar masana'anta a rubuce yake, da sa hannun injiniya. Idan shafuka sun ɓata, darajarsa ta faɗi, kome ƙyallinsa. A ganinmu, mai sayarwar da ya ƙi yarda injiniyan da mai saye ya zaɓa da kansa ya buɗe jirgin, ya nemi tsatsa, ya gwada littafi da abin da ke jikin ƙarfe, cinikin biri a sama yake so a yi da shi.

Ƙasarmu ma tana da nata sharaɗi. Ƙurar hunturu tana cin fikafikan cikin inji. Filin jirgin Jos da ke Heipang yana kan tudu fiye da mita 1,200, kuma a rana mai zafi iska ba ta da kauri a can, sai jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga, wani lokaci ma a rage kaya.

Bayan an biya, akwai rajista da takardar ingancin tashi daga hukumar NCAA, akwai inshora, rumfar ajiya, da albashin matuƙa da horonsu. Man Jet A-1 yakan wuce lita 300 a awa. Kayan gyara da dala ake sayensu, alhali cinikin mai jirgin da naira yake shigowa. Wanda tafiyarsa ba ta wuce sau biyu ko uku a wata ba, ya fara tambayar kuɗin shata tukuna.