Gonar Gadonki: Kada Ki Sayar Da Ita Kuɗin Kayan Ɗaki

'Yan uwa mata, sau nawa muka ji an ce wa yarinya, "Ke da za ki gidan miji, me za ki yi da gona?" Sai a sayar da kasonta, a sayo gado da kwalla. Bayan shekara biyar kwalla ta yi tsatsa, gona kuwa tana nan hannun wani.

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, a da ba a cika sayar da gona ba. Aro ake yi, ko jingina, a gaban mai gari da dattawa. Fadama ita ce mai tsada, musamman wajen Gummi, domin tana ba da shinkafa da kayan rani. Gonar tudu sai damina.

To amma zamani ya juya. Zinariya ta jawo mutane ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum, har sai da aka kankare ƙasar gidaje. Daga baya 'yan bindiga suka hana noma a daji, jama'a suka kwararo cikin gari. Gonar nesa ta rasa mai taya, filin bakin gari ya yi daraja. Wadda ta sayar cikin firgici, ita ce ta yi asara.

Ki lura da kuɗin ma. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, dala ɗaya naira 22 ce a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Wadda ta riƙe kuɗi da wadda ta riƙe ƙasa, wa gari ya waya?

Shari'a ta ba 'ya rabin kason ɗa, kuma naki ne, ba na yaya ko miji ba. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar filin karkara, don haka ki nemi taki. Ki je ki ga iyaka da idonki. In matsi ya zo, ki ba da haya ko jingina. In kuwa sayarwa ta zama dole, ki binciki yadda aka sayar da na maƙwabta, a rubuta a gaban shaidu.

Allah Ya sa mu dace, amin.