Tsohuwar Durowa da Gwangwanin Fenti

Duk wanda ya saba shiga gidajen unguwar Lajifarani a birnin Faraku na ƙasar Benin, ko na zangon Jugu, garin da ayarin fataken goro ke yada zango a zamanin da ake tafiya daga Kano zuwa Gwanja, da wuya ya rasa ganin wata tsohuwar durowa a kusurwar ɗakin uwargida, wadda ta shigo gidan ranar jere, ta sha hayaƙin turaren wuta da hannun yara har fuskarta ta dushe. In salla ta ƙarato, ko za a aurar da 'ya, sai a shiga shawarar fid da ita a sayo sabuwa, alhali kuwa da yawa daga sababbin nan garin katako ne da aka danne da gam, aka lulluɓe da leda mai sheƙi, laimar damina kan kumbura su. Ita kuwa tsohuwar, muddin da maɗaci aka haɗa ta, ko da icen tek wanda ake shukawa da yawa a ƙasar Benin, babu abin da ya same ta illa fatarta, kuma yar da ita israfi ne tsantsa.

Maganin da ya fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne fentin feshi na gwangwani, wanda wani Ba'amurke, Edward Seymour, ya ƙaga a shekarar 1949, yau ga shi ana samunsa wajen masu sayar da kayan gini, har da na gefen kasuwar Arzeke ta Faraku. Gwangwani mai mililita 400 kan rufe kimanin murabba'in mita biyu a shafa ɗaya, saboda haka durowa matsakaiciya takan ci uku ko huɗu.

To, amma feshin kansa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin, kuma a nan ne mafi yawan masu gaggawa kan yi hasarar kuɗinsu. Kamar yadda salla ba ta inganta sai da tsarki, haka fenti ba ya kama katakon da maiƙo ya zauna a kansa. Wajibi ne a zare aljihunan durowar, a kwance hannayenta, a wanke ta da ruwan sabulu a bar ta ta bushe sarai, sa'an nan a bi ta da samfefa mai lamba 120, a biyo da mai laushi, lamba 220, ana gogawa bisa yadda jijiyar itacen ta kwanta, har tsohon sheƙin ya mutu. Inda gara ta taɓa ko ƙusa ta bar rami, kafintoci kan kwaɓa garin katako da gam su cike, ba su sayen komai. A ɗaura ƙyalle a hanci, a kore yara daga wurin, domin tsohon fenti kan ƙunshi dalma, ƙurarsa kuwa guba ce, musamman ga ƙanana. Wanda ya goge ya tarar da icen tek mai kyawun zane a ƙarƙashi, a ganina gara ya ajiye gwangwanin ya shafa masa mai kurum.

Shi kuma lokaci yana da nasa hukunci. A tsakiyar damina laima kan sa fentin ya yi hazo-hazo, ya daɗe bai bushe ba. In hunturu ya kankama cikin Disamba da Janairu, ƙura kan sauka bisa ɗanyen fenti ta mai da shi kaushi. Mafi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, da hantsi, a inuwa, a tsakar gidan da aka yayyafa wa ruwa, nesa da murhu da kaskon turare, gama abin da ke tura fentin daga gwangwanin iskar gas ce mai kama wuta.

A girgiza gwangwanin kamar minti biyu, har ƙwallon da ke ciki ya riƙa ƙara, a riƙe shi tazarar santimita 25 ko 30 daga katakon, a fara danna kan feshin tun hannu bai iso bakin durowar ba, kada a saki sai ya wuce ɗaya bakin. Shafar farko za ta fito fatsi-fatsi, har uwargida ta ce, "Malam, ai ka ɓata mini ita!" Kada wannan ya ruɗi mutum ya ƙara dannawa wuri ɗaya, domin nan take fentin zai zubo ya daskare. Shafa uku marasa kauri, da ɗan jinkiri tsakaninsu gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, sun fi ɗaya mai kauri kyau da ƙarko. Cikin aljihunan da gefensu ba sa bukatar fenti. Barinsu na rage gwangwani guda, kuma ba za su riƙa cijewa ba wajen ja.

Ko da fentin ya bushe ga taɓawa cikin sa'a ɗaya, ba ya ƙarasa tauri sai bayan kwanaki, don haka a haƙura da jera kwanuka da kwalaben turare a kanta har mako ya zagayo. Gwangwanin da ya ƙare kuwa kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona, yana fashewa.