Abin da ke sa kwamfuta nauyi alhali lafiyarta ƙalau

A shagunan buga takardu da sakatariyoyin ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, da zarar kwamfuta ta fara jan ƙafa sai a ɗora wa ƙura ko tsufa laifi, a ce a sayi wata. Sau da yawa matsalar ba ta kai nan ba.

Babu manhajar da ke taɓa faifan ajiya, firinta ko intanet kai-tsaye. Dole ta roƙi babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, kamar Windows ko Linux, ta yi mata. Kowane roƙo yana sa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta dakatar da aikin da take yi, ta amsa, sannan ta koma. Ma'aikacin gwamnati ya san irin wannan: masinjan da ke zuwa rajista don takarda ɗaya tak, ya dawo, ya sake komawa, maimakon ya ɗauko fayil ɗin gaba ɗaya. Fayil mai girman megabait 1, in aka karanta shi bait ɗaya-ɗaya, roƙo ne fiye da miliyan ɗaya. In aka ɗebe shi bait 4,096 a lokaci guda, 256 ne kacal.

Lamarin ya ƙara tsanani a watan Janairun 2018, lokacin da aka bayyana ɓarakar tsaro ta Meltdown a na'urorin Intel. Gyaran da aka yi ya ƙara wa kowane roƙo nauyi, kuma Microsoft ta ce kwamfutocin 2015 zuwa baya ne za su fi jin jiki. Irinsu kuwa, 'yan kwatano, su suka fi yawa a hannun masu ƙaramin jari.

Gano matsalar ba ya cin kuɗi. A buɗe Task Manager, a sa jadawalin ƙwaƙwalwa ya nuna lokacin da babbar manhaja ke cinyewa. In shi ne ya rinjayi, a kunna Process Monitor, wadda Microsoft ke bayarwa kyauta. Za ta nuna manhajar da ke ta maimaita roƙo. A Linux, strace ce ke ƙirgawa.

Mai laifin galibi sananne ne: manhajojin rigakafi biyu a kwamfuta ɗaya, kowacce tana tare duk fayil da aka buɗe don bincike. Wasu masu gyara kan girka ta biyun da sunan ƙarin kariya, abin da ba shi da amfani. Cire ɗaya ya wadatar. Goge komai a sake girkawa, wanda shi ne maganin farko a wajen da yawa, yakan tafi da takardun jama'a, nauyin kuma ya dawo ranar da aka mayar da manhajar.