“Kashewa” ko “Sallama”? Wata Matsalar Fassara a Fagen Kwamfuta

Wannan maƙala za ta nuna gazawar kalmar “kashewa” a wani muhalli na fasaha. GIC-600 na kamfanin Arm shi ke rarraba saƙonnin katse hanzari, wato kiran gaggawar da sassan kwamfuta ke yi wa ƙwaƙwalwarta, kuma yakan haɗa ƙwayoyin lantarki har 16. Kafin a ɗauke wa ƙwaya guda wuta, sai an karkatar da saƙonninta zuwa ga ’yan’uwanta. In ita ke riƙe da jadawalin hanyoyin saƙo, ta miƙa wa wata, sannan a cire ta daga sahu. In ba haka ba, sauran kan yi ta jiran amsar da ba za ta zo ba, na’ura ta sandare. A ganina “sallama” ta fi dacewa, domin “kashewa” aikin farat ɗaya take nunawa.