Ƙasar Gumel Na Buƙatar Masu Kula Da Rumbun Bayanai

A daminar bara na raka kawuna, tsohon malamin firamare da ya shekara 35 yana koyarwa a ƙauyukan Sule Tankarkar, zuwa wani ofishi inda ake tantance 'yan fansho. Jami'in ya duba kwamfuta ya ce babu sunansa. Ashe a takardar ɗaukarsa aiki an rubuta Muhammadu, a banki Mohammed, a katin ɗan ƙasa kuwa Muhammad, ga shekarar haihuwa iri biyu. Sai da muka yi wata huɗu muna safa da marwa kafin a yarda cewa mutum ɗaya ne. A tsawon wannan lokaci dattijon bai ga ko sisi ba.

Tun daga ranar nake tunanin wata sana'a da ba mu cika jin sunanta ba a ƙananan hukumomi huɗu na masarautarmu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Sana'ar ita ce tsarawa da kula da rumbun adana bayanai. Matasanmu da dama sun iya buga takarda da zana katin biki a kwamfuta, kuma madalla da hakan. Amma ƙalilan ne za su iya tsara ma'ajiyar da za ta riƙe sunayen mutum dubu hamsin ba tare da wani ya ɓace ko ya fito sau biyu ba.

Tushen ilimin ba mai wuyar fahimta ba ne. A shekarar 1970 wani masani mai suna Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM a Amurka, ya kawo tsarin da ake bi har yau: a rubuta kowane bayani sau ɗaya a wuri ɗaya, a ba kowane mutum lambar da babu mai irinta, sannan a haɗa jadawali da jadawali ta hanyar wannan lamba. Da an bi wannan ƙa'ida, da bambancin harafi bai hana kawuna haƙƙinsa ba, domin lambar za a tambaya. A kan wannan hikima aka gina BVN da bankuna suka fara a 2014, da kuma lambar NIN. Harshen da ake yi wa irin wannan rumbu tambaya da shi ana kiransa SQL, kuma manhajoji irin su PostgreSQL da MySQL kyauta ake sauke su.

Wurin aiki kuwa ga shi a ƙofar gidanmu. Duk ranar Alhamis kasuwar dabbobi ta Maigatari na cika da shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar, manyan motoci na lodi zuwa kudu. A ce ana shigar da kowane ciniki cikin rumbu guda, da sunan dillali da kamannin dabba da kuɗin shigar da aka karɓa, da ɓarawon shanu ya sha wuya wajen sayar da kayan sata, kuma da hukuma ta san ainihin abin da ke shigo mata. A Gagarawa, inda batun karɓar gonaki domin noman rake ya jawo taƙaddama a shekarun baya, kowa ya ga muhimmancin sanin wane ne mai gona da inda iyakarsa ta tsaya. Haka rajistar masu juna biyu a asibitocin karkara da sakamakon ɗalibai, waɗanda gara da ɗigar ruwa ke cinyewa a cikin kwali.

Sai dai sana'ar ba ta tsaya ga iya SQL ba. Mai kula da rumbu shi ke ajiye kwafi a wani wuri daban, ya riƙa gwada dawo da shi tun kafin ranar da kwamfuta za ta ƙone. Shi ke ƙayyade wanda zai iya karantawa da wanda zai iya gyarawa, ya kuma tabbatar duk wanda ya taɓa wani adadi ya bar sawu. Ta nan ake toshe ƙofar ma'aikatan bogi. Aiki ne na amana, kuma tun Yunin 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a mai hukunta sakaci da su.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure. Kirana ga Kwalejin Ilimi ta Gumel shi ne ta ɗora ɗalibanta na kwamfuta a kan aikin gaske, kowanne ya tsara wa makaranta ko ƙungiyar manoma rumbu mai aiki kafin ya kammala. Shugabannin ƙananan hukumomin huɗu kuma su ɗauki aƙalla ƙwararre ɗaya kowannensu, su daina barin bayanan jama'a a wayar wani akawu. Matashin da ke da tsohuwar kwamfuta kada ya jira kowa, ya fara da rajistar Islamiyyar unguwarsu. Kawuna dai ya samu kuɗinsa, amma na baro dattawa da yawa zaune a kan bencin nan suna jiran a gano su.